Layi biyu, amma ɗaya ya mutu kowa ya kwanta

1/ Jiya na hau mota daga Samaru, na bi ta Kwangila har Sabon Gari don in ƙarasa rajistar kwasa-kwasai a wani kafe. Ranar ƙarshe ce fa. Ina zama intanet ta ɗauke. Mai shagon ya rantse min layi biyu yake biya duk wata, na kamfani biyu. To ina na biyun?

2/ Na roƙa ya nuna min saitin, tunda abin da nake karanta kenan. Wallahi sai da raina ya ɓaci. Masu haɗa netwok a garin nan, wasunku cin amana kuke yi.

3/ A ƙa'ida, suwic yana duba inda saƙo zai je ne ya zaɓa masa hanya. Da PBR kai ne kake kafa doka: kwamfutocin kwastomomi su bi layi na ɗaya, ta ofis ta bi na biyu. Injiniyan ya yi wannan, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi.

4/ Ga ramin. Muddin rautar kamfanin tana kunne, waya na jone, suwic gani yake komai lafiya, ko da an yanke faiba a can gaba. Sai ya yi ta tura saƙo cikin rijiya. Kamar ɗan kamasho ne yana ta loda fasinja, alhali an rufe Kwangila tun safe.

5/ Maganin ba wani tsafi ba ne. A na'urorin Cisco, ka sa IP SLA ya riƙa ƙwanƙwasa wani adireshi na nesa, irin 8.8.8.8, ta layin farko duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ka ɗaura dokar a kan amsarsa da verify-availability, ka jera na biyu a baya. Shiru ya yi yawa, saƙo ya juya da kansa. Ba kowane suwic ke iya wannan ba, a duba kafin a saya.

6/ Wani zai ce ai ko manya suna faɗuwa. Haka ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne, WACS, SAT-3 da ACE sun lalace tare, har bankuna suka ji a jikinsu. Amma jiya teku lafiyarta ƙalau, layi na biyu na aiki, ba wanda ya nuna wa suwic hanyarsa.

7/ Masu kafe da cibiyoyin CBT, kafin ku cika wa injiniya kuɗinsa ku gwada shi. Kar ku zare wayar suwic, wannan ko makaho zai gane. Ku bar rautar kamfanin a kunne, ku cire mata faiba ko SIM, ku sa ido a agogo.

8/ Ni dai da hotspot ɗin wayata na ƙarasa rajistar, kuma sai da na biya kuɗin zama.