Tanadin Kayan Miya a Lokacin Kaka

Da zarar damina ta ja baya, shukar cikin gida takan fara yaushi, kuɓewa ta ƙosa ta yi tauri, ganyen rama da yakuwa su kakkaɓe. Kafin a kai ga haka uwargida mai tattali takan tsinke su ta shanya. Abin takaici, wasu matan birni suna ɗaukar busasshen kayan miya alamar talauci, alhali shi ke rufa asirin gida a bazara, lokacin da ɗanye ke tsada. Inda ake bukatar gyara shi ne wurin shanya. Baza kuɓewa a gefen kwalta ƙazanta ce, tabarma mai tsabta ta fi. Ganye kuwa a inuwa ya kamata ya bushe, domin zafin rana yakan rage masa amfani.