Yaron da ya fito daga kaso, wa zai karɓe shi?

A gidan kason Yamai akwai ɓangaren da aka ware wa yara. Cikinsu akwai wanda ya fizge salula a kasuwa, da wanda faɗan unguwa ya rutsa da shi, da wanda shan taramol ya kai shi can. Da yawa ma jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Ko ba daɗe ko ba jima dukansu za su dawo Bukoki, Talaje ko Wadata. To, me za su tarar?

Ta fuskar doka Nijar ba ta yi baya ba. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. An kafa kotunan yara a 1999, aka sake fasalinsu da dokar 2014. Yaron da bai kai shekara 13 ba, doka ba ta ɗora masa hukuncin laifi. A 2017 kuma aka kawo dokar aikin amfanin jama'a, yadda alƙali zai iya sa mai ƙaramin laifi aiki maimakon ɗauri. Akwai cibiyar gyaran tarbiyya a Dakoro, ga ƙungiyoyi irin su Grandir Dignement da ke shiga wurin yaran da ke tsare.

Amma a ganina, nan cikin unguwa gyaran yake lalacewa. Yaro ya koyi ɗinki ko kafinta a ciki, ya fito, tela ya ƙi ɗaukarsa. Uba ya ce ya zubar masa da mutunci, kada ya taka masa gida. Makaranta ta ce ya yi fashi da yawa, an soke sunansa. Wuri ɗaya ya rage da ake maraba da shi: wajen abokan da suka jefa shi cikin rigimar tun farko.

Wasu iyaye za su ce suna tsoron ya ɓata musu ƴaƴa, kuma tsoronsu yana da dalili. Sai dai yaron da ke aji, malami na ganinsa kullum. Wanda aka kora yana nan bakin titi, inda ƴaƴan namu ke bi safe da yamma, ba mai sa masa ido.

Iyaye, ku ziyarci ɗanku tun yana tsare, ku halarci zaman kotu, domin alƙalin yara ya fi samun ƙwarin gwiwar sakin yaron da ke da mai tsaya masa. Malamai da kwamitocin makarantu, ku tanadi hanyar mayar da shi aji, ko da zai maimaita shekara, kuma kada a riƙa kiransa ɓarawo gaban ƴan uwansa. Masu garaji da teloli, ku karɓi ko mutum ɗaya.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar da aka buɗe masa ƙofar kaso, ya kamata ya tarar da wani nasa yana jiransa.