Kafin A Sayar Da Gona Domin Yaro Ya Tuƙa Jirgin Sama

Kowace ranar 1 ga watan Janairu garin Kagoro yakan cika ya batse saboda bikin Afan. 'Yan ƙasa masu neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal sukan dawo gida, a yi kiɗa da rawa a gindin dutse, sa'an nan dangi su zauna shawarar abin da za a yi da yaran da suka gama sakandare. A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo cikin irin wannan shawara, watau a haɗa kuɗi a tura yaro ɗaya ya koyo tuƙin jirgin sama, tun da ana jin kamfanoni suna ta sayen sababbin jirage, kuma an ce matuƙa sun yi ƙaranci a duniya.

To, rabin maganar gaskiya ce. Kamfanin Air Peace da ya fara tashi a 2014 ya yi odar sababbin jirage ƙirar Embraer daga Barazil a 2019, ya kuma soma zuwa Landan a watan Maris na 2024. Jihar Akwa Ibom ta kafa nata kamfanin, Ibom Air, a 2019. A Arewa akwai Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, ga Rano Air da ya fara jigila daga Kano a 2023. Kamfanin Boeing na Amurka kuwa ya yi ƙiyasin cewa duniya za ta bukaci sababbin matuƙa fiye da 600,000 cikin shekaru 20. Ga shi kuma doka ba ta barin matuƙin jirgin fasinja ya wuce shekara 65 yana aiki, saboda haka tilas gurabe su riƙa buɗewa.

Amma ɗaya rabin shi ne wanda ba a faye gaya wa iyaye ba. Matuƙin da kamfanoni ke ƙishirwarsa shi ne kyaftin, wanda ya daɗe a sama, kuma irinsa ne manyan kamfanonin ƙasashen Larabawa ke zawarci da albashin dala. Yaron da ya fito makaranta jiya da lasisi a hannu yana can ƙarshen layi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga yadda abin yake. A Zariya, cikin wannan Jiha ta Kaduna, akwai Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama da aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Yaro zai shiga da sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da kimiyya, likita ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ya yi karatu, ya tuƙa ƙananan jirage masu farfela har ya tara awa 200 ko kusa da haka, a ba shi lasisin tuƙin haya. A gida sai a yi guɗa, a ce an gama. Alhali kuwa wannan lasisi bai ba shi ikon zama a kujerar Boeing 737 ba. Kowane irin babban jirgi yana da nasa horo dabam da nasa hatimi a kan lasisi, kuma akasari a ƙasashen waje ake yin sa, cikin na'urar da ke kwaikwayon tuƙi. Kuɗinsa yakan kai dala 20,000 ko ya haura. Kafin watan Yuni na 2023 gwamnati tana sayar da dala ɗaya a wajen naira 460, a cikin 2024 kuwa ta zarce naira 1,500. A wannan farashi, horon na biyu kaɗai ya tasam ma naira miliyan 30, bayan abin da aka riga aka kashe a makaranta.

Ko da an biya wannan, saura ƙwarewa. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi sai mutum ya tara awa 1,500 a sama. Kamfani ya ce ba zai ɗauki wanda ba shi da awoyi ba, yaro kuwa ba inda zai samo awoyin sai a kamfani. Yana zaune a gida, takardar likita tana ƙarewa, hannu yana sanyi, sabunta kowanne kuma da kuɗi.

Akwai kuma wani abin da mai kallon jirage a filin Ikeja ba zai gane ba. Ba kowane jirgin da aka ƙara ne ke kawo gurbin aiki ba. Sau da yawa kamfanonin ƙasar nan sukan yi hayar jirgi daga waje tare da matuƙansa da injiniyoyinsa, musamman lokacin aikin Hajji da cunkoson ƙarshen shekara. Jirgi ya ƙaru, fasinja ya samu kujera, ɗan Kagoro mai lasisi yana nan a inda yake.

Wanda ke shakka ya dubi Kano. A 2013 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, kuma ko shakka babu waɗansu sun samu shiga. Amma da yawa sun dawo sun yi shekaru suna jira, domin hawa na biyu na tsanin ne ya gagara. In gwamnatin jiha guda ta ci karo da wannan, ina ga manomin citta na Kachia ko Kwoi, wanda cutar da ta afka wa gonaki a 2023 ta riga ta karya masa jari?

Dattawan Kafanchan sun san wata hanya dabam. Bayan da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, hukumar reluwe ce ta riƙa rainon direbobinta. Yaro ya shiga yana goge inji, ya zama mai zuba gawayi a wuta, bayan shekaru ya zama direba, duk yana karɓar albashi, ba a ce ubansa ya sayar da gona ba. Haka Nigeria Airways ya yi a zamaninsa, ya ɗauki samari ya horar da su da kuɗinsa. Da ya durƙushe a 2003 wannan tsani ya tafi tare da shi, har tsofaffin ma'aikatansa suka yi ta jiran haƙƙinsu shekara da shekaru. Kamfanonin da suka gaje shi kuwa ba su da tsawon rai da za su yi rainon kowa. Ina Chanchangi na Kaduna? Arik ma sai da hukumar AMCON ta karɓe shi a 2017 saboda bashi.

Saboda haka abin da ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi, in har tana so 'ya'yan jihar su ci moriyar kwalejin da ke ƙofar gidansu, shi ne kada ta yi gasar yawa. Gara ta ɗauki yara goma ta kai su har bakin kujera da ta ɗauki ɗari ta bar su a rabin hanya. A zaɓe su ta jarrabawa a fili daga kowane sashe na jihar, har da Kaura da Jama'a da Zangon Kataf, ba ta takardar wani babba ba. Kafin a biya ko kwabo, a rattaba hannu da kamfanin da zai ɗauke su mataimakan matuƙi, a sa kuɗin horon babban jirgi cikin lissafi tun farko, yaro kuma ya riƙa biyan wani kaso daga albashinsa domin na bayansa su samu. Gwamnatin Tarayya ita ma tana da ta cewa, domin ita ke ba baƙi izinin aiki. Duk kamfanin da ya nemi kawo matuƙi daga waje, a tambaye shi 'yan ƙasa nawa ne ke koyo a gefensa.

Ƙungiyoyin 'yan gida da ke taro a Agege da Obalende da Sabon Badun, waɗanda su ne akan kai wa faranti in za a haɗa irin wannan kuɗi, su ma suna da haƙƙin tambaya kafin su zuba. Shin yaron ya je likitan matuƙa ya duba shi tukuna? Kuɗin gwajin kaɗan ne, kuma yakan nuna tun da wuri in akwai matsalar ido ko rashin rarrabe launi. Shin kuɗin da aka ambata ya haɗa da horo na biyu? Wa zai ciyar da shi in ya yi shekara biyu yana jira?

Sa'an nan ba tuƙi kaɗai ake koyarwa a Zariya ba. Akwai gyaran jirgi, akwai aikin hasumiya mai ba jirage umarnin tashi da sauka, akwai aikin tsara tafiyar jirgi a ƙasa, akwai kula da na'urorin sadarwa. Kuɗin karatunsu bai kai na tuƙi ba, kuma babu jirgin da zai bar Ikeja sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a takardarsa.