Wakilin Jarida a Kotu: Mu Auna Shi Kafin Mu Gaskata Shi

'Yan uwa malamai da iyalanmu, duk wanda yake riƙe da alli a makarantun firamare na jihar nan a ƙarshen shekarar 2017 bai manta da ranar Alhamis, 14 ga Disamba ba. A ranar ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke zama a Kaduna ta ba da umarnin a dakata da sallamar malamai 21,780 da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ce sun faɗi jarrabawar gwaji. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe ko'ina, daga Makera da Kakuri har Barnawa da Sabon Tasha. Abin da yawancinmu muka riƙe shi ne kotu ta hana kora, magana ta ƙare. Akwai waɗanda suka ci bashin shinkafa da ɗinkin yara a kan ƙarfin wannan labari. Hutun ƙarshen shekara bai ƙare ba aka soma raba takardun sallama, ɗauke da kwanan watan Nuwamba, wato kafin umarnin kotu. Ranar 8 ga Janairun 2018 muka tsunduma yajin aiki, ranar 18 aka janye shi, waɗanda aka sallama kuwa suna zaune a gida.

Abin da kotu ta bayar a ranar umarni ne na wucin gadi, cewa kowa ya tsaya inda yake har a saurari ainihin ƙarar, aka kuma ɗage zama zuwa Fabrairu. Rahoton wanda ya san aikinsa ya faɗi haka. Amma abin da ya iso kunnen mafi yawanmu, ta bakin masu sharhi da saƙonnin WhatsApp, rabin magana ne. Alhakin kora yana wuyan waɗanda suka yi korar, wannan ba ma tantama. Sai dai darasin da ya rage mana shi ne, abincin iyalanmu yakan rataya a kan kalma ɗaya ta alƙali, kuma tsakaninmu da wannan kalmar akwai mutum guda, wato wakilin jarida a kotu. Tunda mu ma'abota duba takardun yara ne, bai dace mu karɓi aikinsa ba tare da mun duba ba.

Abu na farko da za mu tambaya: shin ya shiga ɗakin shari'ar kuwa? Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi a yi shari'a a bainar jama'a, saboda haka ƙofa a buɗe take. Wanda ya zauna a ciki ana gane shi. Zai faɗi sunan alƙali, da wanda ya kai ƙara da wanda aka kai, da abin da aka roƙi kotu, da abin da ta amince da shi da wanda ta ƙi, da ranar da za a koma. Wanda bai shiga ba kuwa, rahotonsa duka maganar lauya ce a bakin ƙofa, ko sanarwar da kakakin wani ofis ya aiko masa. Lauya ɗan aike ne, an biya shi don ya kare ɓangare ɗaya, kuma ba mu taɓa jin wanda ya fito ya ce wa manema labarai yau an kayar da shi warwas ba. Ɗauko bakinsa a kira shi labarin kotu yaudarar mai karatu ne.

Na biyu: ya san ma'anar kalmomin da yake rubutawa? A Hausa mukan ji an ce kotu ta yi watsi da ƙara, alhali abu biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai ƙarar da ake cirewa saboda kuskuren tsari ko rashin hurumi, wadda sau da yawa ana iya gyarawa a sake shigarwa. Akwai kuma wadda aka saurara har ƙarshe aka kore ta, wadda hanyarta kawai ɗaukaka ƙara. Ga malamin da ke jiran haƙƙinsa, bambancin nan kamar na jinya da mutuwa ne. Haka nan, tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya danƙa rigingimun aiki a hannun Kotun Ma'aikata ita kaɗai, kuma ƙarar ma'aikata da aka ɗaukaka daga can iyakarta Kotun Ɗaukaka Ƙara. Duk mai sharhin da ya ce mana mu kwantar da hankali za a je Kotun Ƙoli da irin wannan shari'a, ya tona asirin kansa.

Na uku: ya karanta takardar? Hukunci yana da kwafi mai hatimin kotu, wanda ake nema a ofishin rajistara. Mu tuna abin da ya faru a shari'ar gwamnan Kano. Ranar 17 ga Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin tsige Abba Kabir Yusuf, amma da kwafin mai hatimi ya fito sai aka ga wani sakin layi da ke nuna shi ne ya yi nasara. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne, daga baya kuma, ranar 12 ga Janairun 2024, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. Waɗanda suka gano wannan tufka da warwara, takardar suka zauna suka karanta shafi bayan shafi. Idan har shari'ar gwamna tana buƙatar wannan haƙuri, ina ga ta malamin firamare da ba mai waiwayarsa?

Sai batun son zuciya, wanda ya fi wuyar kamawa domin ba safai yake zuwa da ƙarya tsirara ba. Yakan ɓuya a cikin zaɓen kalma. Idan kwamishina ya yi magana a ce ya bayyana, idan shugaban ƙungiya ya yi a ce ya yi iƙirari. Yakan ɓuya a wanda aka ba sakin layin farko da wanda aka tura ƙarshen shafi. Ya fi ɓuya a abin da aka ƙi faɗa. A 2017 hujjar ƙungiyarmu ita ce hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ce doka ta ba ikon tantance malami, kuma makin cin jarrabawa da aka yi yarjejeniya a kansa 60 ne kafin a mayar da shi 75. Ko mutum ya yarda da wannan hujja ko bai yarda ba, ita ce jigon rigimar. Amma abin da ya cika gari hotunan takardun amsa ne da dariyar malamai sun kasa jarrabawar 'yan aji huɗu. Wakilin da ya cika shafinsa da wannan, ya ba tambayar doka layi ɗaya, ya riga alƙali yanke hukunci.

Ga kuma misali mai alƙaluma. A Yunin 2022 hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ta sallami malamai 2,357. A cikinsu 2,192, har da shugaban ƙungiyarmu na ƙasa, Kwamared Audu Amba, laifinsu shi ne ƙin zama jarrabawar, 165 ne kawai aka ce sun gaza samun maki. Duk wanda ya dunƙule su ya ce dukkansu faɗuwa suka yi, ya shafa wa mutum sama da dubu biyu baƙin fentin da ba nasu ba. Irin wannan ne ma'auni: a ɗauki rahotannin mutum goma, ba ɗaya ba, a ga ko kurakuransa kullum gefe guda suke karkata. Kuskure yakan faɗa ko'ina, amma wanda kullum mai mulki yake amfana da shi ba kuskure ba ne.

Za a ce mun matsa wa bayin Allah, kuma akwai gaskiya a ciki. Mun san akwai 'yan jaridar da kan yi watanni ba albashi, ciwon da mu ma muka sani. Mun san sau da yawa edita ne ke rubuta kanun labari, ba wakilin da ya je kotu ba. Mun san kuma tsoro gaskiya ne a jihar da aka tsare Luka Binniyat sau biyu, a 2017 da 2021, saboda rahotanninsa. Waɗannan suna bayyana dalilin karkata, amma ba sa miƙe karkataccen rahoto. Ƙa'idojin aikin da 'yan jaridar Najeriya suka amince da su da kansu a Ilorin a 1998 sun haramta karɓar na goro don a buga labari ko a danne shi. Da ma'auninsu muke auna su.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu laifi. Wakilin da ya yabe mu mukan kira shi jarumi, wanda ya faɗi abin da ba ma so mu ce an saye shi. Alhali mai gaya mana mun ci shari'ar da ba a ko soma ba ya fi mai zaginmu cutar da mu, domin shi ne ke sa mu kwance ɗamara. Wakili na gari zai rubuta cewa a cikin takardun amsar nan akwai waɗanda ba mai iya kare su, zai kuma rubuta cewa an raba takardun sallama bayan kotu ta ce a dakata. Wanda ya iya faɗin biyun shi ne abin dogaro, ko da rabin maganarsa ta yi mana ɗaci. Ambulan kuwa, ko daga aljihun ƙungiya ya fito, sunansa cin hanci.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe: duk lokacin da kotu ta yi magana a kan al'amarinmu, a nemi kwafin mai hatimi daga lauyoyin ƙungiya, a karanta shi a taro, a fassara shi da Hausa, a faɗa mana ko na wucin gadi ne ko na ƙarshe, da ranar da za a koma. A riƙa tura wakilan reshe su zauna a kotu su ji da kunnensu. Mu kuma membobi, kada mu tura wa kowa labarin shari'a da babu sunan alƙali da ranar zama a cikinsa. Kada kuma wani ya sake cin bashi a kan kanun labari. Allah Ya kare mana mutuncinmu da abincin 'ya'yanmu.