Nauyin da sunan Leo ya ɗora wa sabon Paparoma

Kwana biyu bayan zaɓensa a ranar 8 ga Mayu, 2025, Robert Prevost ya bayyana wa manyan limaman Cocin Katolika dalilin da ya sa ya ɗauki sunan Leo. Ya ce yana bin sawun Leo na 13 ne, wanda a 1891 ya fitar da wasiƙar Rerum Novarum, lokacin da masana'antun Turai ke tatsar gumin leburori a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasiƙar ta kare haƙƙin ma'aikaci na samun albashin da zai riƙe iyali da na shiga ƙungiyar ƙwadago, ba tare da ta soke mallakar dukiya ba.

A ganin Leo na 14, ƙirƙirarriyar basira ita ce injin wannan zamani. A da masaƙa da maƙera ne inji ya raba da sana'a; yau akawu da magatakarda da mai fassara ne ke zaman ɗar-ɗar. Kuma manyan kamfanonin da ke jan ragamar wannan fasaha suna Amurka, ƙasar da aka haife shi, ko da yake ya daɗe yana aiki a Peru, cikin talakawan Chiclayo. Ba shi da soja, ba shi da ikon kafa wa kowane kamfani doka. Abin da yake da shi shi ne kunnen mabiya kusan biliyan 1.4.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2024, ma'aikata 49 na gidajen tarihin Vatikan sun shigar da koke a kan yanayin aikinsu, abin da ba a saba gani ba a fadar. A ƙarshen shekarar kuma marigayi Paparoma Francis ya yi gargaɗin cewa asusun fanshon ma'aikatan fadar na fuskantar babban giɓi. Leo ya fara da maido da kyautar Yuro 500 da aka saba ba ma'aikata idan an yi sabon Paparoma, wadda Francis ya dakatar. Wannan alheri ne na sau ɗaya. Fansho kuwa bashi ne na kowane wata, kuma har yanzu kasafin fadar bai gama farfaɗowa daga shekarun giɓi ba.