Haɗejiya A Ƙarshen Damina: Tafiyar Da Ta Cancanci Kuɗin Mota

Kowace shekara idan dogon hutun makaranta ya zo gangara, kwamitocin matasa da na zumuntar mata sukan zauna a kan maganar yawon buɗe ido, kuma kusan kullum wurare uku ake ta jujjuyawa, watau Jos, da Yankari, da madatsar ruwa ta Tiga. Ba mu da ja a kan ko ɗaya daga cikinsu. Amma shawararmu ga 'yan'uwa bana ita ce a juya kan mota gabas, a bi hanyar Gezawa da Gujungu, a je a ga Haɗejiya da fadamarta sa'ad da ruwa ya cika ta. Mun san waɗansu za su ce me ake gani a can in ban da sauro da kifi. To, a saurare mu tukuna.

Mu fara da ruwan, gama shi ne gaban kome a wannan ƙasa. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim, in ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu ya bazu cikin fadama, can wajen Gashuwa ya sadu da Kogin Jama'are su nufi Tabkin Chadi. A dā, ruwan yakan zo da damina ya malale, kifi ya hayayyafa, a noma shinkafa. In ya janye manoma su bi sawunsa da shuka, Fulani kuma su kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa cikin rani. Fili ɗaya, masu ci uku, kowa da lokacinsa. Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992. Ba mu ce ba su yi amfani ba. Tumatir da shinkafar Kadawa da Kura daga nan suke, haka kuma ruwan famfon birnin Kano. Amma tun da aka shiga sakin ruwa rani da damina, hanyoyin ruwan fadama suka daina bushewa, ciyawar nan kacala ta samu gindin zama, laka ta taru a ƙarƙashinta, ta toshe magudanai. Abin da ya biyo baya shi ne wani ƙauye ruwa ya ci gonarsa, wani kuwa da ke kan wani reshe yana jiran ruwan bai zo ba. Cikin kacalar nan ne kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa da gero.

Dalilinmu na fari ke nan. Yawancin masu karanta wannan shafi a Kano ruwan wannan kogi suke sha, bandar kifinsa suke sawa a miya, amma ba su taɓa ganin mutanen da ke zaune a ƙarshen igiyar ba. Yaron da ya tsaya a bakin fadama ya ga magidanta cikin ruwa har ƙirji suna saran kacala da adda domin su buɗe wa gonakinsu hanya, ya koyi abin da malamin labarin ƙasa zai yi zango guda yana bayani bai shiga ba.

Ga kuma tarihi, wanda a wannan yanki ba sai an shiga ɗaki an leƙa akwatin gilashi ba. Wanda ya taso daga Kano zai kyauta in ya fara da Gidan Makama, domin yara su ga kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa, su tafi da abin a zuciya. Sa'an nan in an isa Haɗejiya sai a nemi dattijo ya nuna inda ganuwa ta bi, da ƙofofin gari, da ƙofar fada. A wannan gari ne Sarki Buhari, a tsakiyar ƙarni na 19, ya ƙi bin umarnin Sakkwato, har ya karya rundunar da aka tura masa a Kaffur. A nan ne kuma, cikin watan Afrilu na 1906, shekara uku bayan Kano ta faɗi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila, aka yi yaƙi har cikin gari, ya rasu tare da manyan jarumawansa. Shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Kabarin Baturen nan Kyaftin Filips, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, shi ma yana nan. Littattafan makaranta sukan ba da labarin cin ƙasar Arewa kamar an gama kome a 1903. Bahaɗeje ba zai yarda da wannan lissafi ba, kuma yana da gaskiya.

Ƙananan garuruwan da ke kewaye su ma kada a wuce su da gudu. Garun Gabas, a ƙasar Malam Madori, ita ce ake dangantawa da Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai; sunan da kowane ɗan firamare ya haddace, amma kaɗan ne suka san ana iya zuwa a taka ƙasarta. Malam Madori kanta jirgin ƙasa ne ya raya ta, bayan da aka ja layin dogo daga Kano har Nguru a 1930 domin kwasar gyaɗa, kuma ta irin waɗannan tashoshi ne kakannin waɗansunmu suka fara zuwa wannan yanki neman abinci. Auyo kuwa tsohon gari ne ƙwarai, mutanensa suna da harshensu na kansu a dā, Auyakanci, wanda ya ɓace sarai, Hausa ta haɗiye shi. Mu da yawancinmu muke da wani harshe a gida wanda 'ya'yanmu suke ji amma ba su iya mayarwa, ya kamata mu ɗan tsaya a Auyo mu yi shiru.

Daga nan sai Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wurin tsuntsaye. An sa dausayin cikin jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a 2008, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da shi gandun ƙasa. Tun 1989 Yarima Filip na Ingila ya zo har Dagona, can gaba a ƙasar Bade, domin kallon tsuntsayen wannan fadama. Sai dai mu faɗi gaskiya, baƙin tsuntsaye masu ƙetaro hamada daga Turai ba su cika sauka ba sai kaka ta yi, sanyi ya fara. Mai zuwa a watan Satumba 'yan gida zai tarar, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, da shamuwa tana shirin tafiya. Wannan ma ya isa kallo.

Maganar abinci kuwa, a nan muke da ƙorafi a kan al'adarmu. Mukan cika bayan mota da kuloli da buhunan ruwa da burodi tun daga gida, mu je garin mutane mu ci namu, mu zubar musu da leda, mu dawo ba mu bar ko sisi ba. Wannan ba ziyara ba ce. A Haɗejiya akwai kasuwar kifi da ta yi suna a duk Arewa, ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga ragon ruwa, ɗanye da banda. A zauna a rumfar mai tuwo a ci tuwon shinkafar da aka noma a nan da miyar kifi, a sha fura da nono, a sayi banda a kai wa na gida tsaraba. Ma'ajin ƙungiya ya ware kuɗin wannan tun a kasafi. A rumfar mai abinci ne ake jin abin da ruwa ya yi bara, da farashin taki, da inda hanya ta yanke, kuma a nan ne mai masauki yake gane baƙon nan mutum ne kamarsa.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari, suna cewa yanki ne da ba mu da yawa a cikinsa. Amsarmu ita ce baƙo mai ladabi ba ya rasa masauki a ƙasar Hausa. A yi shiga ta mutunci, a fara da gaisuwa, a sanar da mai gari ko mai unguwa kafin a shiga ƙauye da ayari, kada a ɗauki hoton kowa, balle matan aure, sai da izini. In lokacin salla ya yi, a dakata da ciniki har a idar. A kuma rubuta wa limamin ikkilisiyar da ke can tun da wuri, domin shi ya san gari, shi zai faɗi inda za a kwana.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ruwa da hanya. Ƙarshen damina shi ne lokacin ambaliya. A 2020 da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje masu yawa a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da kewayen Haɗejiya, har matasan gari suka riƙa kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. In shekara ta zo da irin wannan, ba a zuwa kallon mutane cikin masifa. Ko dai a ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba, ko kuwa a mai da kuɗin yawon ya zama hatsi da gidajen sauro a aika ta hannun waɗanda suka san mabukata. Kada a sa yara cikin kwalekwale ba rigar ruwa, kome ƙwarewar mai fito. Kada kuma a yi tafiyar dare. A kan wannan hanya ce, a garin Majiya, tankar mai ta faɗi ta kama wuta cikin dare a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka hallaka.

Kuɗin mai ya yi tsada tun 2023, mun sani, shi ya sa ma muke ganin tafiyar kwana biyu a maƙwabta ta fi ta mako guda a nesa sauƙi ga aljihun iyaye. Ikkilisiyoyi biyu ko uku za su iya haɗa kai su ɗauki bas guda, a tashi da sassafe ranar Juma'a, a kwana a Haɗejiya, a ga fadama da safiyar Asabar, a kamo hanya da azahar domin a iso gida kafin magariba.