Linzami Kafin Ƙaimi

Jama'a, akwai wata wauta da na ga ya kamata a yi tsawa a kanta. Mutum ya sayi motar tsere da kuɗi masu yawa, amma ran da ta yi ciwo sai ya kai ta wurin kowane makaniki na bakin hanya, wai don araha. To, araha ba ta ado.

Mu ɗauki Porsche 911, wadda aka fara nunawa a Jamus a 1963. Injinta a baya yake, kuma waɗanda aka ƙera kafin 1998 yawancinsu iska da baƙin mai ke sanyaya su, ba su da lagireto. Wanda bai koyi wannan ba, in ya zuba mata man da bai dace ba, ai ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne masu cewa a ƙara wa inji ƙarfi, su bar birki da taya yadda suke. Ku sani, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsai da ita yakan ninka huɗu. A cikin wannan tazara ce yaron wani ke tsallaka titi.

Gwanin gaske yakan fara da birki, sa'an nan taya, inji daga ƙarshe. Wa ya taɓa sa wa ingarma ƙaimi bai ɗaura linzami ba? Wanda ba shi da kuɗin gwani, ya haƙura da motar. Allah ya sa mu gane.